Yadda Ɗantani Ya Daina Kai Baƙi Gidan Safinatu

Sunansa na yanka Attahiru, amma in ka shiga tashar motar Boɗinga kana cigiyar Attahiru, sai ka gaji ba a gane wanda kake nufi ba. Ɗantani kowa ya sani. Dogo ne siriri, irin mutanen da ake mamakin inda abincin da suke ci yake tafiya, domin da wuya ka same shi bakinsa ba ya motsi.

A Danchadi aka haife shi. Mahaifinsa gero yake nomawa da damina, da rani ya gangara fadama ya yi albasa. Mahaifiyarsa, Inna Laraba, hoce take yi na sayarwa, wato wainar nan mai kauri ta garin dawa da ake gasawa a tukunyar ƙasa, a ci da miyar sure, wato ganyen yakuwa. 'Ya'ya biyu ne suka rayu mata. Safinatu, babbar, ita ta gaji hannun. Ɗantani kuwa harshen ya samu. Tun yana ƙarami, in Inna Laraba tana shakkar gishiri ko daddawa, shi take kira ya ɗanɗana, abin da ya faɗa kuma shi ke nan.

Da ya girma ya gwada noman albasa kamar ubansa, abin bai karɓe shi ba. Wata shekara albasar ta ruɓe masa a wurin ajiya tun kafin ta yi daraja, sai ya tattara matarsa da 'ya'yansa ya koma Boɗinga, inda Safinatu take aure. Ya zama ɗan kamasho a tasha, yana kiran fasinjan Sakkwato da Shagari da Tambuwal. Murya gare shi mai kai wa nesa, ga barkwanci, direbobi suna son sa.

Aikin da aka san shi da shi daga baya, ba shi ya neme shi ba. Wasu 'yan bautar ƙasa ne aka turo garin daga kudu. Ya lura kullum wurin mai shayin bakin tasha suke karyawa, nan suke cin na rana, nan suke cin na yamma, burodi da indomi, har sun fara ramewa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya ce bai ga dalilin da mutum zai zauna da yunwa a garin da ake suya kowace kusurwa ba. Ran wata Asabar ya tare su da ɗan guntun Turancinsa na tasha, ya ce gobe kada kowa ya karya, su same shi da safe. Suka zo, ya sa su gaba a ƙasa, ya zaga da su gari. Da suka gama wa'adinsu suka bar wa na bayansu lambar wayarsa, waɗannan ma suka bar wa na bayansu. Sannu a hankali ma'aikatan rigakafi, da malaman da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibai daga Sakkwato, duk wanda ya zo yana son ya ci abin garin, sai a ce ya nemi Ɗantani.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba a hawa keke ko kabukabu, a ƙafa ake tafiya, don ya ce wanda bai taka ba cikinsa ba ya buɗewa. Ba a miƙa hannu ga abinci sai an gai da mai shi an tambayi iyali. Kuma ba kowane mai tanda ko mai tukuba yake kai wa baƙi ba, sai wanda ya san man da yake suya da shi da mahaucin da yake yanka masa. Masu sana'ar sun san haka, shi ya sa in ya doso da baƙi ake shimfiɗa musu tabarma kamar 'yan gida.

Da koko da ƙosai ake farawa, kaɗan, don kada a cika ciki. Daga nan sai lungun bayan kasuwa wurin Atika mai masa, wadda masarta ke fitowa gefe a ƙone kaɗan, tsakiya kamar auduga. Sai a ratsa ta layin masu albasa, ya tsaya ya nuna musu bambancin ta Danchadi da wadda aka kawo daga nesa, ya sa su shinshina. In rana ta ɗaga a je tukubar Mainasara mai balangu. Ranar kasuwar Shagari kuwa, sai su shiga mota tare, su sauka a tasha, su sake takawa har wurin masu suyar kifin da aka kamo a dam. A can ne matan Fulani da ke fitowa ta wajen Kajiji suke jera ƙorai, shi kuma ya san wadda nononta kindirmo ne na gaske da wadda take ƙara masa kuka. Fura kuwa, ko hura yadda yake faɗa, da ita ake rufe tafiya, a zauna a inuwa a sha da ludayi.

Amma inda ya fi alfahari da shi shi ne gidan yayarsa. Mijin Safinatu ya rasu da daɗewa, da hocen nan ta riƙe gida har 'ya'yanta suka kawo ƙarfi. Ba ta fita talla, ba ta da rumfa. Wanda ya sani ne yake aikowa da kwano. In da biki ko suna a unguwa, ita ake wa magana tun da wuri. Idan Ɗantani ya kawo baƙi, maza a zaure suke tsayawa a kawo musu, mata kaɗai ke shiga ciki su ga tukunyar. Safinatu mace ce mai kunya, ba ta da yawan magana, amma in ta ji baƙo ya nemi ƙari, sai ka ga ta juya baya tana murmushi ita kaɗai.

Haka aka yi shekaru. Ɗantani bai yi arziki da abin ba, bai kuma bar kamashonsa ba, amma ya samu abin da ya fi so: in ya ratsa kasuwa ana kiransa ta ko'ina, ana cewa ya zo ya ɗanɗana.

Da kakar wata shekara, sabuwar dawa ta shigo, wata budurwa mai suna Samira ta kira shi. Iyayenta 'yan Sakkwato ne amma a Abuja ta tashi, Hausarta ma rabi Turanci ce. Sana'arta ɗaukar bidiyon abinci tana sawa a intanet. Wata da ta yi bautar ƙasa a Boɗinga ce ta ba ta labarinsa. Ta zo da wayarta maƙale a kan wata ƙaramar sanda, ta maƙala masa wani ɗan abin ɗaukar murya a wuyan riga. Yarinya ce mai ladabi, Baba Ɗantani take ce masa, ta durƙusa ta gai da Atika, ta ci balangun Mainasara da yaji har hawaye ya zubo mata tana dariya. Ɗantani ya ji daɗinta ƙwarai. Bai taɓa samun baƙon da yake tambaya kamar ita ba. Me ya sa ake barin ƙullin masa ya kwana, wane itace Mainasara yake hura wuta da shi, duk tana so ta ji.

Da suka isa gidan Safinatu, ta karɓi Samira hannu biyu, amma da ta ga wayar ta ce a ajiye ta a zaure. Ita ba ta son hoto, ko na katin zaɓe da ƙyar aka ɗauke ta. Samira ta ce ba komai, har ta fara naɗe sandar. Ɗantani ne bai haƙura ba. Ya ja yayarsa gefe ya yi ta lallashi. Ya ce 'yan matan yanzu taliya da indomi kawai suka iya, in ta faɗi ta mutu yau, hocen Inna Laraba ya bi ta kabari. Ya ce hannuwanta kawai za a ɗauka da tukunya, ba wanda zai ga fuskarta.

“Ni dai raina bai so ba,” in ji ta daga ƙarshe. “Amma tunda kai kac ce, a yi.”

Aka yi. Safinatu ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne tana kwaɓa ƙulli, ga zafin murhu, ga ranar tsakar gida. Awaki suna kai da komo a bayanta kamar kullum. Da hocen ya gasu aka zubo miyar sure, Ɗantani ya zauna a tabarma ya gutsura ya dangwala ya kai baki. Sabuwar dawa ce, ƙamshinta daban. Ya lumshe ido, miya na bin gemunsa, ya ce da baki cike, “Wanga hoce, wanda bai ci shi ba, bai zaka duniya ba.” Samira ta yi dariya, Safinatu ma ta yi.

Bidiyon da Samira ta fitar dogo ne, kuma ba abin zargi a cikinsa. Ta yabi garin, ta yabi mutanensa, ta kira Safinatu uwa. Ɗantani ya sa an nuna masa a waya ya fi a ƙirga, yana bin shaguna yana cewa a duba. A wuri ɗaya ne kawai wayar ta ɗan ɗaga, aka ga gefen fuskar Safinatu daidai lokacin da ta share zufa da bayan hannu ta mayar da hannun cikin ƙulli. Ƙiftawar ido ne, shi kansa bai lura ba.

Wani ne can, wanda har yau ba a san ko wane ne ba, ya lura. Ya yanko wannan wurin, ya jawo hoton kusa yadda zufar da hannun za su cika fuskar waya, ya haɗa da akuyar da ke baya, ya liƙa muryar Ɗantani tana maimaita “bai zaka duniya ba, bai zaka duniya ba”, ya ɗora sautin dariya a kai. Wannan guntun shi ya zaga ƙasa. Waɗanda ba su taɓa ganin dogon ba duk sun ga gajeren. A ƙarƙashinsa mutane suka yi ta rubutu. Masu cewa ƙazanta, masu cewa ƙauyanci, masu kwaikwayon Sakkwatanci suna shewa. Wasu suka ɗauki muryar suka ɗora a kan hoton raƙumi yana tuƙa, wasu a kan jariri yana lasar cokali.

Da abin ya iso tasha, Ɗantani dariya ya fara yi tare da direbobi. Shi mutumin barkwanci ne, ya ɗauka kwana biyu za a yi a manta. Har suka sa masa suna Baizaka, yana amsawa. Bai san yadda abin yake a cikin gidaje ba sai ranar da Abdulrazak, babban ɗan Safinatu, wanda ke koyarwa a wata makaranta a Sakkwato, ya sauka daga mota bayan la'asar ya same shi a rumfar 'yan kamasho. Ko zama bai yi ba. Ya gaishe shi a tsaye, ya ce yana son magana da shi a gefe.

“Kawu, mi munka yi maka?” in ji shi. Muryarsa ƙasa-ƙasa take. “A ɗakin malamai anka nuna mani. Suna dariya, ɗaya yac ce in zo in ga wata tsohuwa mai miya da zufa. Ban iya ce masu uwata ce ba. Tashi na yi na fita.”

Ɗantani ya fara bayani, cewa ba haka yarinyar ta fitar ba, wani ne ya yanka. Abdulrazak ya ce shi bai zo jin wanda ya yanka ba. Wanda ya shigar da waya cikin gidan ubansa ya zo gani. Ya faɗa masa abin da bai sani ba: masu aikowa da kwano sun ragu, kuma gidan da suka yi wa Safinatu maganar abincin biki tun watan jiya sun aiko cewa ta bar shi, sun samu wata. Matan da suka ci hocenta shekara da shekaru, waɗanda su ma haka suke share zufa a gaban murhunsu, su ne yanzu ke kallon juna in ta shigo taro.

Washegari da hantsi Ɗantani ya tafi gidan Safinatu. Tsakar gida a share, murhu ba wuta, tukunyar tana kife a jikin bango. Safinatu na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi matarsa da yara. Ya durƙusa ya yi ta ba da haƙuri, ya rantse bai san haka za ta faru ba. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma daina tsintar waken ba.

“Na san ba da gangan ka yi ba, Ɗantani. Amma ni nac ce a'a, kai kac ce i. Kai namiji ne, tasha kake, an yi maka dariya ka yi dariya. Ni ina zan sa fuskata?”

Ya zauna har ta gama waken ta shiga ɗaki, sannan ya tashi.

Ya kira Samira. Ta riga ta gani, kuma da ya faɗa mata halin da Safinatu take ciki sai ta fashe da kuka a waya. Ta cire bidiyonta, ta yi wani tana roƙon mutane su daina yaɗa guntun, tana cewa a duk yawonta ba ta ci abin da ya kai hocen nan ba. Kaɗan ne suka kalli wannan. Ta ce za ta zo da kanta ta ba da haƙuri, Abdulrazak ya ce kada ta soma. Guntun kuwa yana nan a wayoyin mutane, ba wanda ke da ikon kwashe shi.

A kasuwa ma abubuwa suka canza. Atika ta gaya masa a fili, cikin mutunci, cewa shi ɗan gida ne, ya zo ya ci masa duk ran da ya so, amma kada ya sake kawo mata mai waya a hannu. Matan Kajiji da suka hango shi da baƙi a Shagari sai suka ja mayafi suka rufe ƙorai. Mainasara kaɗai ne bai damu ba, don shi ciniki ya ƙaru masa.

Domin abin takaicin shi ne, baƙi ba su ragu ba, ƙaruwa suka yi. Duk ƙarshen mako sai ga matasa daga Sakkwato cikin motocinsu, sun zo ganin garin Baizaka. Wani mai keken haya mai ƙafa uku, Lukman, wanda ya iya waya ya kuma iya Turanci, ya ga dama ta samu. Ya buɗe shafi, ya riƙa ɗibarsu a kekensa yana kai su wuraren da suka yi fenti suka sayi faranti masu kyau, ko da man suyarsu ya kwana uku a kasko. Ba gaisuwa, ba tambaya, a ɗauki hoto a wuce. Lukman har tasha ya zo ya sami Ɗantani, ya ce su haɗa kai, shi ba sai ya taka ko'ina ba, ya zauna kawai a wuri ɗaya, in an kawo baƙi ya ci abu ya faɗi maganar nan tasa. Ɗantani ya dube shi, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya juya ya ci gaba da kiran fasinja.

Sau ɗaya ya sake gwadawa. Wasu samari da 'yan mata ne suka kira shi, suka ce su abincin suke so su sani, ba wasa ya kawo su ba. Ya yarda. Tun a wurin koko ya ga alama, don ba wanda ya gai da mai kokon, kowa wayarsa na sama. Yana bayanin albasa suna taɓa juna. Da suka isa Shagari aka kawo kifi mai zafi a takarda, ya tsaya yana nuna musu yadda ake zare ƙayar tarwaɗa ba tare da an ɓata tsokar ba, sai ɗaya daga cikinsu ya matso da waya daf da bakinsa.

“Baba, ka ci mana ka faɗa. Sau ɗaya kawai. Bai zaka me?”

Sauran suka kwashe da dariya. Mai kifin, wanda ya san Ɗantani tun yana saurayi, ya sunkuyar da kai yana juya abin da ke kasko. Ɗantani ya ajiye kifin a kan benci, ya goge hannu, ya ce musu hanyar tasha ita ce wadda suka biyo. Ya tafi ya bar su nan. Bai sake kai kowa ko'ina ba.

Kamashon ma bai daɗe a kai ba. Aikin murya ne, shi kuwa duk lokacin da ya ɗaga murya ya kira Sakkwato ko Tambuwal, sai an samu wani a cikin mota ya amsa masa da “bai zaka ba”. Ba da mugunta suke yi ba, yawancinsu ma suna ganin yabo ne. Ya koma wurin masu albasa, yana ɗinke bakin buhu ana lodawa a manyan motoci. Aiki ne da ba ya buƙatar magana. Waɗanda suka san shi da can suna cewa ya yi shiru da yawa, kuma yanzu a gida yake cin abincinsa.

Safinatu ba ta sake hura wutar sana'a ba. Kafin damina ta zagayo Abdulrazak ya zo ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Sakkwato, ya ce ta huta haka nan, ta yi wahalar da ta isa. An ba ta ɗaki mai fanka, surukarta ce ke girki a kan gas. Masu zuwa gaishe ta sun ce ta yi ƙiba, ta yi haske, amma yini take a zaune tana kallon ƙofa.

Da Sallar da ta wuce Ɗantani ya shirya ya je. Abdulrazak ya karɓe shi ba yabo ba fallasa, ya raka shi har ɗakin uwar, ya fita. Aka kawo masa shinkafa da miya da lemon kwalba. Suka yi hirar ruwan bana, da waɗanda suka rasu a Danchadi, da ciwon gwiwar da ke damunta. Ta tambayi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Da ya tashi tafiya ta ba shi turmin atamfa ta ce ya kai wa matarsa, ta ce ya gai da mutanen Boɗinga, duk wanda ya tambaye ta. Ya ce za su ji.

A motar dawowa ya zauna can baya ya jingina kai da gilashi kamar mai barci. Da suka kusa gari ya ce wa direba ya sauke shi a bakin hanya kafin a kai tasha, ya bi ta bayan gonaki ya shiga gida.